Kujera ɗaya, direbobi huɗu: wa za ka miƙa wa makulli a gasar rali ta duniya?

Kawuna ya fi shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Kano, Damagaram da Agadez, kuma da idonsa ya ga ayarin motocin tseren Paris-Dakar suna ratsa Agadez a shekarun 1980. Shi ya sa duk sanda ya tarar na duƙufa kan waya ina kallon rali, sai ya jawo kujera. Bai san sunan kowa ba, bai kuma damu ya sani ba. Ranar da na nuna masa motar Ott Tänak, direban Hyundai, ta bar hanya ta yi adungure a Japan a ƙarshen kakar 2024, sai ya ce, "Ɗan nan, wa ya ba wannan yaron mota?" Na ce, "Kawu, ai tsohon zakaran duniya ne." Ya ce, "To zakara ya zubar da kayan mutane a hanya."

Na yi dariya, amma gaskiya ya faɗa. Wannan haɗarin na safiyar Lahadi shi ya buɗe ƙofar da Toyota ta bi ta ƙwace kambun kamfanoni daga hannun Hyundai da maki 3 kacal. Tun daga ranar muke gardama, shi yana wajen mai isa tasha lafiya, ni ina wajen mai take totur. Da kakar 2025 ta ƙare gardamar ta ƙara zafi, domin manya biyu sun tashi daga kujerunsu: Kalle Rovanperä na Toyota ya ce zai koma tseren kwalta na Super Formula a Japan, Tänak kuma ya ce zai huta. Duk abin da zan kawo a nan ya tsaya ne a ƙarshen waccan kakar, wadda aka rufe a Saudiyya a ƙarshen Nuwamba. Tambayar ita ce, in kai ne shugaban tawaga kuma kujera ɗaya ta rage maka, wa za ka ba?

Sai an san yadda ake lissafi kafin a gane dalilin wahalar zaɓin. A rali motoci ba sa jeruwa su tashi tare. Ana sakin su ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti biyu ko uku, kowa yana tsere da agogo a zango-zango, kimanin kilomita 300 cikin kwana uku ko huɗu, yau burji, gobe kwalta, wani wurin ƙanƙara. Kusa da direba akwai mai karanta masa hanya daga littafin da suka rubuta tare lokacin zagayen duba hanya, wanda Kawu ya nace sai ya kira shi karen mota. A tsarin 2025 wanda ya ci tsere yana samun maki 25, na biyu 17, na uku 15. Akwai ƙarin maki 5 ga wanda ya fi kowa gudu a ranar Lahadi, da wasu 5 ga wanda ya ci zangon ƙarshe, wato 35 ke nan in mutum ya share komai. In mota ta lalace ko ta faɗa rami ana iya gyarawa a dawo washegari, amma kowane zangon da aka rasa tarar minti 10 ce, a gasar da sakan 10 ke raba na ɗaya da na uku. Kamfani kuma yana saka motoci uku a lissafinsa, a ɗauki makin biyun da suka fi. Wannan ƙa'idar ta ƙarshe ita ce gishirin maganar, zan dawo kanta.

Ma'aunin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne Elfyn Evans, mutumin Wales, domin shi ne direban da Kawu zai ɗauka aiki ba tare da ya tambayi kowa ba. A 2025 an yi tsere 14, Evans ya gama dukkansu, kuma ko sau ɗaya bai faɗo ƙasa da na shida ba. Ya ci Suwidin, ya ci Safari ta Kenya, ya riƙe saman teburin maki mafi yawan shekarar. Riƙe saman tebur ɗin ma wahala ce, don a hanyar burji wanda ke gaba a maki shi ake fara saki ranar Juma'a, ya share tsakuwa da ƙura da tayoyinsa, na bayansa su tarar da hanya ta yi tauri tana riƙe taya. Evans ya yi ta wannan sharar daga Fotugal har Estoniya. Duk da haka Sébastien Ogier, wanda ya tsallake tsere uku ya zauna gida da iyalinsa, ya ci shida cikin 11 da ya shiga, ya ɗauke kambun da tazarar maki 4. Kambunsa na tara ke nan, ya kamo Sébastien Loeb, yana dab da cika shekara 42. Evans kuwa karo na biyar ke nan yana zuwa na biyu: 2020, 2021, 2023, 2024, 2025. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Shi ya daɗe, kuma har yanzu yana bakin ƙofa.

Thierry Neuville na Beljiyam ya bi ta ɗaya hanyar. Shi ma sau biyar ya zo na biyu, amma nasa ciwon daban ne: gudu yana da shi, kamun kai ne babu. A 2017 yana kan gaba a Monte Carlo ya lalata mota, wata mai zuwa yana kan gaba a Suwidin da sama da sakan 40 ya daki shingen siminti a wani ɗan gajeren zango na 'yan kallo. Sai a 2024, yana da shekara 36, ya koyi tattali: tsere biyu kawai ya ci, Monte Carlo da Girka, sauran duk tara maki ya yi kamar mai asusu, har ya zama ɗan Beljiyam na farko da ya ɗauki kambun. Abin da na ɗauka daga labarin mutanen nan biyu shi ne, mai gudu yana iya koyon natsuwa in an yi haƙuri da shi, amma ban cika ganin mai natsuwa ya wayi gari da sabon gudu a shekara 35 ba. Sai dai haƙurin nan tsada gare shi. Motar ajin Rally1, wato babbar motar gasar, tana kusan euro miliyan ɗaya, kuma Hyundai ta jira Neuville tun 2014.

To ga mutum huɗun da ake ta ambato a duk lokacin da kujera ta tashi.

Oliver Solberg shi ne wanda ya fi jawo surutu, kuma a kansa zan fi daɗewa. Ɗan Petter Solberg ne, zakaran 2003 da Subaru, an haife shi a 2001, ya tashi cikin ƙarar inji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sunan uba ya so ya zame masa kaya. Hyundai ta ɗora shi kan babbar mota a 2022 yana ɗan shekara 20, a shekarar da motar tasu sabuwa ce mai gardama, kuma tawagar na cikin ruɗanin shugabanci. A Finlan, zangon farko na daji, bai yi ko rabin kilomita ba ya kifar da ita, aka nuna shi yana hawaye. Mafi kyawun sakamakonsa a shekarar shi ne na huɗu a Beljiyam, kafin kaka ta ƙare aka sallame shi. Ya sauka ajin WRC2, wato ƙananan motocin da kowa ke iya saya, ya yi shekara biyu da Škoda, sannan ya koma Toyota Yaris ta wannan ajin a 2025 ya ci kambun. A watan Yuli na wannan shekarar Toyota ta ara masa babbar mota na tsere ɗaya a Estoniya. Ya ci, ya bar Tänak a gidansu, gaban mutanensa, da sakan 25.

Masu ƙorafi suna da hujja, kuma bai kamata a share ta ba. Ranar Juma'a Solberg ya fito can baya, bayan manyan sun share masa hanya. Hanyoyin Estoniya kuma irin waɗanda ya saba ne tun yana yaro, burji mai laushi da gudu mai yawa da tsalle. Sannan ba shi da kambun da yake karewa, in ya faɗi ba wanda zai ce ya yi asara. Amma ga abin da ya sa na ƙi bin su: daga Asabar ana juya jerin, na gaba a tsere su fito ƙarshe, don haka shi da Tänak da Neuville hanya iri ɗaya suka taka kwana biyu, kuma maimakon tazarar ta ragu sai ta ƙaru. Na sake kallon bidiyon cikin motarsa na ranar Lahadi. Hannunsa kan sitiyari ba fizga, yana ɗaga ƙafa kaɗan kafin kwanar da ba a ganin bayanta, abin da Solberg na 2022 ba zai taɓa yi ba. Abin da ba a gwada ba shi ne kaka cikakkiya a babbar mota: duwatsun Sardiniya da Girka masu fasa taya, kwaltar Japan mai santsin ganye, da ranar da zai zama shi ne mai shara.

Sami Pajari na Finlan sa'ansa ne, shi ma 2001 aka haife shi, kuma a takarda ya riga shi komai. Ya ci kambun matasa a 2021, ya ci WRC2 a 2024, kuma wanda ya kayar a wannan shekarar da ɗan ƙaramin rata shi ne Solberg ɗin. Ranar farko da ya hau babbar mota, a Finlan 2024, ya ci zango ya gama na huɗu. Toyota ta ba shi kaka cikakkiya a 2025 ba tare da ɗora masa nauyin maki ba, ya gama na huɗu a Kenya, ya hau mumbari, wato ya shiga ukun farko, karon farko a Japan da matsayi na uku. Yaro ne mai sanyi, ba ya cika baki, yana hawa mataki-mataki kamar mai gina soro. Damuwata da shi ita ce ban ga ranar da ya tsorata manya daga safe har yamma ba. Zango ɗaya ko biyu, i. Ƙila tarbiyyar da aka yi masa ce ta koyi tukuna, ƙila kuma iyakarsa ke nan, wani Evans ne ke tasowa. Ko hakan ne ma, ba abin raini ba ne, kamfanoni da irinsu suke cin kambu.

Takamoto Katsuta shi ne wanda ya fi ba ni tausayi da haushi a lokaci guda. Daga tseren kwalta ya fito, Toyota ta ɗauko shi a 2015 ta kai shi Finlan ta koya masa burji daga tushe. Gudu ba a magana: na biyu a Safari 2021, na biyu a Safari 2024, na biyu a Finlan 2025, a Suwidin 2025 kuwa sakan 3.8 ne suka raba shi da Evans bayan kwana huɗu a ƙanƙara. Amma har kakar 2025 ta ƙare bai ci tsere ko ɗaya ba, kuma kurakuransa suna zuwa ne a daidai inda suka fi ciwo. A Kenya 2025 ya kifar da mota a zangon ƙarshe. A 2024 sai da tawagar ta ajiye shi a tseren Chile ta ba Pajari motar don ya huce. An haife shi a 1993, don haka kalmar "yana koyo" ta fara tsufa a kansa. Kujerarsa dai ta fi ta kowa kafuwa, kuma kowa ya san dalili: kamfanin Japan, tsere a Japan, direba ɗan Japan. Ba zargi ba ne, lissafin kasuwa ne, kuma shi ma yana biyan kuɗin kujerar da maki a shekarun da ya natsu.

Adrien Fourmaux na Faransa, wanda ya bar karatun likita saboda rali, labarinsa ya yi kama da na Solberg, sai dai shi ya riga shi dawowa. A 2022 da Ford Puma ta M-Sport ya gangara kwazazzabo a Monte Carlo, ya faɗa lambun gidan wani a Kuroshiya, har tawagar, wadda ba ta da kuɗin gyaran mota kullum, ta fara barin sa a gida. A 2023 aka mai da shi ƙaramar mota, ya ci kambun Birtaniya. A 2024 ya dawo wani mutum daban: mumbari biyar, a Suwidin, Kenya, Polan, Finlan da Japan, wato ƙanƙara da burji da kwalta duka, da motar da ta fi sauran ƙarancin kuɗin gwaji, ya gama na biyar a duniya. Hyundai ta ɗauke shi a 2025, tserensa na farko da su a Monte Carlo ya zo na uku. Shi ma bai ci tsere ba tukuna, amma duba yadda na Saudiyya ya kuɓuce masa: yana kan gaba aka ci shi tarar minti ɗaya saboda sun shiga wurin tantance lokaci kafin mintinsu ya yi, ya gama na biyu bayan Neuville da tazarar da ba ta kai mintin ba. Da na ba Kawu wannan labarin sai ya kama baki ya ce, "Ashe su ma karen mota yana jawo wa direba."

In aka jera su a gudu tsantsa, ni Solberg nake sa wa gaba, Katsuta da Fourmaux suna kafaɗa da kafaɗa a bayansa, Pajari na bin su. In aka juya zuwa wanda za ka kwanta barci ka san zai kawo mota gareji da ƙafafunta huɗu, Pajari ne farko, sai Fourmaux, Katsuta a ƙarshe, Solberg kuwa alamar tambaya ce don tsere ɗaya ba ya zama shaida. A iya taka kowace irin ƙasa, Fourmaux ya fi su hujja a hannu.

Sai dai ba a zaɓen direba a sarari, sai an dubi gidan da zai shiga. Nan ƙa'idar motoci uku a ɗauki biyu take aiki. Toyota, mai sansani a Jyväskylä ta Finlan, ta ci tsere 12 cikin 14 a 2025, da kambun kamfanoni na biyar a jere. Tana da Evans da ke kawo maki kowane mako, tana da Ogier a tseren da ya ga dama. Gida irin wannan yana da halin yin caca da mota ta uku: in yaron ya ci, riba; in ya kife, makin biyun farko na nan. Abin da Rovanperä ya tafi da shi gudu ne, yaron da ya ci tsere yana ɗan shekara 20, ya ɗauki kambu kwana ɗaya bayan ya cika 22. Ba a cike irin wannan gurbin da mai tattali. Toyota ta ba Solberg kujerar 2026, kuma da ni ne zan sa hannu a takardar, ba zan tsaya shawara ba.

Hyundai, mai sansani a Jamus, matsalarta ta sha bamban. Motar i20 ta sha wahala a 2025, musamman a kwalta da sababbin tayoyin Hankook da suka maye gurbin Pirelli, tsere biyu kawai ta ci, Girka da Saudiyya. Da tafiyar Tänak ba ta da rarar da za ta yi caca da ita. Tawagar da ke bin baya tana bukatar wanda zai gama tsere ya kuma gaya wa injiniyoyi abin da shakazoba ke yi a kan dutse. Don haka Fourmaux ya fi amfani a can fiye da yadda Solberg zai yi, kuma ban yi mamaki ba da suka raba mota ta uku tsakanin tsofaffin hannu, Dani Sordo da Esapekka Lappi da Hayden Paddon, maimakon su ɗauko sabon jini. Ba zaɓi ne mai sa a tashi tsaye ba, amma na fahimce shi.

M-Sport kuwa, gidan Malcolm Wilson a arewacin Ingila, lissafinta na uku ne, kuma shi ne wanda masoya ba sa son ji. Ita ta raini Evans da Tänak da Fourmaux, da ita Ogier ya ci kambun 2017 da 2018, amma tallafin da take samu daga Ford bai kai na sauran biyun ba, saboda haka direban da ya zo da mai ɗaukar nauyi yana gaban wanda ya zo da gudu kawai. Dubi Mārtiņš Sesks na Latbiya: a 2024 ya zo na biyar a Polan a fitowarsa ta farko, a gida kuma ya ci zanguna, yana dab da mumbari mota ta ci amanarsa a zangon ƙarshe. Duk da haka tsere ɗai-ɗai yake samu, yayin da Grégoire Munster ya yi kaka biyu cur bai wuce na biyar ba. Ana sa ran dokokin 2027, da suka ƙayyade kuɗin mota a euro 345,000, za su ƙara yawan kujeru. Kafin nan dai motocin manyan aji da ke fita kowane tsere ba su cika wuce goma zuwa goma sha biyu ba a duk duniya.

Da a ce sabuwar tawaga zan kafa, ba ni da Evans ba ni da Ogier, mota ɗaya tak, Fourmaux zan ɗauka, don ya riga ya faɗi ya tashi, ya kuma nuna hakan a kaka biyu cikakku da motoci biyu daban. Da ina da mai riƙe mini gida, Solberg. Pajari zan ba kwantiragin shekara biyu in ce masa daga yau an daina koyo. Katsuta kuwa sai in ina sayar da motoci a Nagoya ta Japan.

Na karanta wa Kawu wannan jerin bayan sallar isha'i, yana shan shayi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in sake nuna masa wancan na Wales ɗin da ya gama duka goma sha huɗu. Na ce, "Kawu, shi fa bai taɓa cin kambu ba." Ya ajiye kofi ya ce, "Motar tasa nawa ya lalata bana?"